Idan magani ya yi aiki a jikin ɓera, me ya hana a ba majiyyaci?

Wani malamin makaranta daga Marwa a arewacin Kamaru ya aiko da tambaya. Ya ce an tabbatar wa yayarsa sankarar mama, an rubuta mata tiyata da jerin ƙarin ruwan magani waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin gidan, sai ga wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa masu bincike sun ba ɓeraye masu ciwon daji ruwan ganyen zogale sun warke. Yana so ya sani, in har gaskiya ne, me ya hana likitoci ba mutane wannan magani mai araha, in kuma ba gaskiya ba ne, mene ne amfanin wahalar da ɓeraye tun farko.

Malam, Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kanta. Aikina shi ne duba naman da aka yanko daga jikin majiyyaci a ƙarƙashin madubin likita, kuma kafin in zauna a Garwa na yi aiki a ɗakin binciken da ake kiwon ɓerayen gwaji, saboda haka zan ba ka amsa daga ɓangarorin biyu. Mai yiwuwa ne an yi gwaji irin wannan kuma ƙarin ɓerayen ya ragu, amma hakan bai kai ga a ce an samo maganin sankarar mutum ba, ko kusa. Ɓera yana amsa tambaya ƙarama takamaimiya, kuma yakan amsa ta da kyau idan an iya yi masa ita. Babbar tambayar kuwa, wato ko wannan abu zai tsawaita ran mace mai sankarar mama ba tare da ya lalata mata hanta ko ƙoda ba, majiyyata ne kaɗai ke iya amsa ta.

Ga yadda ake yin gwajin da ya fi yawa. Ana ɗauko ƙananan ɓeraye 'yan mako shida zuwa takwas, nauyin kowanne giram 20 zuwa 25, duk jinsi ɗaya, duk daga zuriyar da aka daɗe ana haɗa wa da ƙanwa har suka zama kusan abu guda a ƙwayoyin gadonsu. Sai a zuƙo ƙwayoyin sankara 'yan miliyoyi daga kwalbar da aka rene su a ciki, a yi wa kowane ɓera allurarsu a ƙarƙashin fatar kuiɓi. Bayan mako ɗaya ko biyu ƙullutu ya fito, girman ƙwayar wake. Daga nan a raba ɓerayen gida biyu, sau da yawa takwas ko goma a kowane gida, a ba waɗannan magani a bar waɗancan. Sau biyu ko uku a mako mai bincike yakan damƙi ɓeran ta fatar ƙeya, ya ɗora wani ma'auni mai baki biyu a kan ƙullutun, ya rubuta tsawo da faɗi. Cikin mako uku ko huɗu an gama, domin ƙa'idar kula da dabbobin gwaji ba ta yarda a bar ƙarin ya yi girman da zai azabtar da dabbar ba. To, idan ƙarin waɗanda aka ba magani ya ninka sau biyu, na waɗanda aka bari kuma ya ninka sau biyar, za a rubuta cewa maganin ya yi aiki, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai a asibiti ma'aunin da likitocin daji ke bi shi ne sai ƙari ya ragu da kashi 30 cikin ɗari kafin a ce ya ji magani, idan kuwa ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari sai a ce ciwo ya ci gaba, a nemi wani maganin. Ka ga ke nan sakamakon da ake murna da shi a ɗakin ɓeraye, a gadon asibiti ci gaban ciwo ne. Yawancin saƙonnin da ke cewa ɓeraye sun warke daga irin wannan rahoto suke tasowa, bayan ya bi ta bakuna da yawa.

Akwai kuma batun wane irin ɓera ne. Ƙwayar jikin mutum ba ta kamawa a jikin ɓera mai lafiya, domin garkuwar jikinsa za ta kashe ta nan da nan. Abin da ya buɗe hanya shi ne wani ɓera marar gashi da aka gano a Gilasgo a 1962, wanda daga baya aka fahimci ba shi da kaluluwar ƙirjin da ke horar da ƙwayoyin garkuwar jiki. A 1969 Rygaard da Povlsen a ƙasar Denmak suka dasa masa sankarar hanjin mutum, ta kama ta girma. Wannan babban ci gaba ne, amma ka lura da abin da aka sadaukar: an samu jikin da sankarar mutum za ta zauna a ciki ta hanyar cire abin da ya fi kowane abu yaƙar ta. Yayarka kuwa tana da garkuwar jiki, ƙarinta ya yi shekaru yana girma a cikin naman mama, ƙwayoyinsa ba iri ɗaya ba ne, wasu za su ji magani wasu su ƙi, kuma wataƙila ta sha zazzaɓin cizon sauro sau da dama, ko jininta ya yi ƙasa, ko tana shan maganin hawan jini. Abin da ke kashe mai sankarar mama shi ne bazuwar ciwon zuwa ƙashi da huhu da hanta, shi kuwa ƙullutun da aka dasa a ƙarƙashin fatar ɓera ba kasafai yake bazuwa ba. Lamarin ya yi kama da irin dawar da ya yi kyau a gonar gwaji mai taki da ban ruwa a kan kari, wanda ba manomin masakwa mai hankali da zai shuka filinsa duka da shi sai ya ga yadda ya yi a laka da ranin ƙasarsa.

Masu bincike sun san da wannan giɓi kuma sun daɗe suna ƙoƙarin cike shi. An ƙirƙiro ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar gado don sankara ta tsiro musu da kanta a gaɓar da ta dace, irin wanda Jami'ar Harvard ta yi wa rajistar mallaka a 1988. Ana dasa wa ɓera yankin ƙarin majiyyaci kai tsaye ba tare da an rene shi a kwalba ba. Bisa aikin da Hans Clevers ya fara a Holan a 2009 da hanjin ɓera, yanzu ana iya renon 'yan ƙananan gaɓoɓi daga naman mutum a cikin faranti. Kowanne ya gyara wani abu, babu wanda ya gyara komai.

Lissafin da ya biyo baya ba mai daɗin ji ba ne. Daga cikin magungunan daji da suka tsallake gwajin dabbobi aka fara ba mutane, waɗanda suke kaiwa ga samun izini ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 1998 jaridun Amurka sun cika da labarin wasu sinadarai biyu daga ɗakin binciken Judah Folkman a Boston, masu hana ƙari toho da jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, domin a jikin ɓeraye ƙari yakan motse har ya kusa ɓacewa. Da aka zo kan mutane ba su taɓuka abin a zo a gani ba, kodayake tunanin da ke bayansu daidai ne, kuma ya haifar da wani magani da aka amince da shi a 2004 wanda ke ƙara wa wasu majiyyata 'yan watanni. A 2012 masu binciken kamfanin magunguna na Amgen suka bayyana cewa sun sake gwada manyan bincike 53 na ɗakin gwaji a kan ciwon daji, 6 kaɗai suka tabbata. Kuskuren yakan zo ta fuskar cutarwa ma. A watan Maris na 2006 a Landan an ba maza shida masu lafiya wani sabon magani mai motsa garkuwar jiki, wanda ake fatan zai yi amfani ga wata sankarar jini, a kan adadin da ya gaza abin da birai suka jure sau 500, amma cikin sa'o'i kaɗan dukkansu suka faɗa ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai. Sun tsira da ransu, wasu da lahani na dindindin.

Duk da haka ban goyi bayan masu cewa a watsar da dabbobi baki ɗaya ba, domin akwai tambayoyin da haramun ne a yi wa mutum su. Ba za ka shafa wa mutum abu don ka ga ko zai haifar masa da sankara ba. A 1775 Percivall Pott a Ingila ya lura cewa masu share bututun hayaƙi suna yawan kamuwa da sankarar fatar maraina, amma sai a 1915 Yamagiwa da Ichikawa a Japan suka yi ta shafa kwalta a kunnen zomaye har sankara ta fito, aka tabbatar cewa sinadari na iya haifar da ita. Haka nan an ga wata ɓatacciyar ƙwayar gado a jinin masu wata sankarar bargo a Filadelfiya tun 1960, sai a 1990 aka saka ta a bargon ɓeraye suka kamu da ciwon, aka san ita ce sanadi ba 'yar rakiya ba ce, kuma a 2001 aka amince da imatinib, ƙwayar maganin da ta mayar da wannan ciwo abin da mutum ke rayuwa da shi shekaru masu yawa. James Allison ya nuna a 1996, a jikin ɓeraye masu cikakkiyar garkuwa, cewa idan aka saki birkin da ke riƙe da ƙwayoyin garkuwar jiki za su cinye ƙari, kuma wannan ne tushen magungunan da suka kai shi da Tasuku Honjo ga lambar Nobel a 2018.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin rumbunanmu. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. Da aka bi diddigi sai aka gano wata guba da fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, aka sa mata suna aflatoksin. Da aka ciyar da manyan ɓerayen gwaji, wato wani jinsi dabam mai girman jiki, da wannan tunkuza sai suka kamu da sankarar hanta. Abin lura shi ne ƙananan ɓerayen gwaji, idan sun girma, gubar ba ta cika yi musu komai ba, domin hantarsu na da wani sinadari mai saurin kashe kaifinta. Dabbobi biyu ke nan 'yan dangi ɗaya, amsa biyu masu karo da juna, kuma babu ɗayansu da zai iya faɗa maka ɓangaren da mutum yake. Sai da aka koma ga mutane. A birnin Shanghai an karɓi jini da fitsarin maza sama da 18,000 aka bi rayuwarsu shekaru, aka tarar cewa gubar kaɗai tana ninka haɗarin sankarar hanta kusan sau uku, ƙwayar cutar hanta nau'in B kaɗai kusan sau bakwai, idan kuwa suka haɗu a jiki ɗaya kusan sau 60. A 1991 kuma aka gano wani tabo na musamman da gubar ke bari a wata ƙwayar gado, a cikin ƙarin hantar majiyyatan Sin da kudancin Afirka.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin daga Ngaundere har Njamena gyaɗa da masara su ne abincinmu, cutar hanta nau'in B kuma ta yi yawa a cikinmu, kuma samarin da ake kawo mana da kumburarren ciki da taurin hanta sau da yawa ba su kai shekara arba'in ba. Maganin da binciken ya nuna ba mai tsada ba ne. A ƙasar Gini an gwada a ƙauyuka cewa tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da hannu, da shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙarau, da zuba ta a buhun da iska ke ratsawa, da ɗora buhunan a kan katako maimakon ƙasa, sun rage gubar da ke jinin mutane da fiye da rabi. Taiwan kuma ta fara yi wa jarirai rigakafin cutar hanta a 1984, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an ga sankarar hantar yara ta ragu a fili. Ƙwayar wannan cuta ba ta ma kama ɓera, saboda haka a nan jariran da aka yi wa allura da iyayen da suka yarda aka bi lafiyarsu su ne suka kawo hujjar.

Wani lokaci kuma aikin daga majiyyaci yake farawa, kuma mafi kyawun misalinsa a Afirka ya faru. Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago da ke Kampala, ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi da ke girma cikin makonni, ya wallafa bayaninsu a 1958. Bai da ɗakin bincike, sai ya aika wa asibitocin nahiyar takardun tambaya, sannan ya shiga mota da abokansa biyu suka zaga gabashi da kudancin Afirka, ya zana taswirar inda ciwon yake. Taswirar ta zo daidai da wuraren ɗumi da ruwan sama inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga naman waɗannan yara, da aka riƙa aikawa Landan ta jirgin sama, Epstein da Achong da Barr suka gano a 1964 ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da sankarar mutum. Magungunan da aka gwada wa yaran kuwa an riga an tace su a jikin ɓeraye, kuma da aka ba su sai aka ga abin da ba a saba gani ba, ƙarin da ya cika fuska yana narkewa cikin kwanaki. Cikin likitocin da suka yi wannan aiki akwai ɗan ƙasar Kamaru, Farfesa Victor Anomah Ngu, wanda a lokacin yake Ibadan, kuma a 1972 ya karɓi lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci tare da Burkitt da wasu, daga baya ya riƙe ma'aikatar lafiya ta Kamaru daga 1984 zuwa 1988. A 1982 aka gano ƙwayar gadon da ke sauya mazauni a wannan ciwo, a 1985 masu bincike a Ostareliya suka saka ta a jikin ɓera ya kamu da sankara makamanciya. Sannan aiki ya sake dawowa kan yaranmu, domin magungunan masu ƙarfi da ake ba yaran Turai sukan kashe yaron da ke fama da tamowa a asibitin da ba jini ba maganin ƙwayoyin cuta isasshe. Sai da aka yi gwaji a asibitocin Kamaru irin su Banso da Mbingo kafin a daidaita tsari mai sauƙi da araha da ke ceton kimanin rabin yaran ko sama da haka. A ganina wannan shi ne sahihin siffar aikin, kai da komo tsakanin gadon asibiti da ɗakin gwaji, kuma duk inda aka yanke ɗaya daga cikin biyun sai aiki ya lalace.

Game da ganye, ba na raina shi. Biyu daga cikin magungunan ciwon daji, waɗanda ɗayansu ke cikin abin da ake warkar da sankarar jinin yara da shi, an samo su ne daga wani fure ɗan asalin Madagaska, wanda masu bincike a Kanada suka ɗauko a shekarun 1950 suna neman maganin ciwon suga, sai suka ga fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye sun zube. Amma tsakanin furen da allurar akwai tace sinadarin da ke aikin daga ɗaruruwan da ke cikin ganyen, da sanin adadin da ke kashe ƙari da wanda ke kashe mutum, sannan gwaji hawa uku. A hawa na farko ana ba majiyyata 'yan gommai, galibi waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, don a san adadin da jiki ke jurewa. A na biyu ana duba ko ƙari na raguwa. A na uku ana raba ɗaruruwa ko dubban majiyyata ta hanyar ƙuri'a, a kwatanta sabon magani da mafi kyawun wanda ake da shi. Zogale bai bi wannan hanya ba a kan sankarar mama. Abinci ne mai gina jiki, Yaya ta ci shi a miya ko a kwaɗo, amma kada ya maye gurbin tiyata da ƙarin ruwa, kuma duk wani jiƙo mai kauri ko garin da za ta sha a faɗa wa likitanta, domin hanta ɗaya ce ke sarrafa su duka.

Abin da zan so ka bibiya shi ne ko an auna naman ƙarinta don a ga yana rayuwa ne da sinadarin mata. Idan haka ne akwai tamoksifen, ƙwaya ɗaya a rana, mai araha idan aka kwatanta da sauran. Tarihinsa kansa darasi ne a kan tambayarka. An ƙirƙiro shi a Ingila a shekarun 1960 don hana ɗaukar ciki, domin abin da ya yi ke nan a jikin ɓeraye, amma a jikin mata sai ya yi akasin haka, ya taimaka wajen fitar da ƙwai. Gwajin da aka yi wa mata masu sankarar mama a Manchester, wanda aka wallafa a 1971, shi ya nuna amfaninsa na gaskiya. Daga nan aka koma ga ɓeraye, Craig Jordan ya nuna cewa bayar da shi na dogon lokaci ya fi na gajere, aka sake gwadawa a kan dubban mata, aka tabbatar cewa shan sa shekara biyar na rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu irin wannan ƙari. Manyan ɓeraye yana haifar musu da ƙarin hanta, abin da ba a gani haka ba a mata, amma yana ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa, shi ya sa duk matar da ke shan sa ta ga jinin da ba na al'ada ba ake so ta koma asibiti.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne mu ba ma cikin wannan kai da komo. Yawancin ƙwayoyin sankarar da ake reno a ɗakunan gwaji na duniya, waɗanda su ake dasa wa ɓeraye, daga jikin Turawa da mutanen gabashin Asiya aka samo su, kuma yawancin waɗanda ake gwada magunguna a kansu haka suke. Mafi yawan mutanen yammaci da tsakiyar Afirka ba su da wata alama da ake kira Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu irin wannan jini adadin wani rukuni na fararen ƙwayoyinsu yakan zauna ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa alhali lafiyarsu ƙalau. Idan likita bai san da haka ba yana iya ɗage wa majiyyaci ƙarin ruwa ba dalili, kuma an sha hana baƙar fata shiga gwaji saboda wannan. Ga kuma tsargiya, wadda yaran bakin kogin Logon da tafkunan Maga da Lagdo ke fitsarin jini da ita. Tun 1911 aka danganta ta da sankarar mafitsara daga duba majiyyata a Masar, amma tsutsar idan ta shiga jikin ɓera ba ta zama a jijiyoyin mafitsara kamar yadda take yi a mutum, har sai da masu bincike suka koma yi wa bangon mafitsarar ɓera allurar ƙwanta kai tsaye. Ciwo ne da amsarsa take jikin mutanenmu, kuma ba wanda zai zo daga nesa ya damu da shi fiye da mu.

Na san dalilin da ya sa jama'a ke ɗari-ɗari da kalmar gwaji. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani da yara kimanin 200, aka yi zargin ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, shari'a ta ɗauki shekaru. A 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da wani gwajin maganin kariya daga ƙanjamau a Duwala bayan ƙorafi kan haƙƙin matan da aka sa a ciki. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa sanin haƙƙi ne. Duk wanda aka gayyata gwaji yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, a faɗa masa hawan da gwajin yake, da kwamitin ɗa'ar da ya amince da shi, da wanda zai ɗauki nauyi idan ya cutu, da inda za a kai jininsa da namansa, kuma yana iya janyewa kowace rana ba tare da an rage masa kulawa ba. Dabbar ma tana da nata haƙƙin. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idar cewa a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala, kuma mu da aka karantar da mu hadisin matar da ta ɗaure kyanwa har ta mutu ba baƙi ba ne ga wannan. Gwajin da aka tsara shi sakaka har sakamakonsa ya kasa tabbata zalunci ne ga ɓeran da kuma majiyyacin da zai dogara da shi.

Shigarmu cikin bincike kuwa daga ƙaramar kwalba take farawa. Naman da aka yanko a ɗakin tiyata ana so ya shiga ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa cikin sa'a guda, ruwan ya ninka naman kamar sau goma, babban ƙari kuma a tsattsaga shi don ruwan ya ratsa ciki, sannan ya zauna tsakanin sa'a 6 zuwa 72 kafin a sarrafa shi. Abin da muke gani sau da yawa shi ne mama guda an cusa ta a ƙaramar roba da ruwa kaɗan, an miƙa wa dangi, ta kwana a gida, ta bi motar haya zuwa kudu cikin zafin watan Afrilu. Kafin ta iso tsakiyar naman ya ruɓe, alamar sinadarin mata ta goge, sakamako ya fito cewa babu ita, a hana matar ƙwayar da za ta amfane ta. Irin waɗannan sakamako ne kuma ake tarawa a rubuta cewa sankarar matan Afirka galibi ba ta jin wannan magani, alhali da aka sake nazarin rahotannin nahiyar an ga cewa inda aka kula da naman tun daga ɗakin tiyata, masu alamar sun fi yawa. Saboda haka ranar da za a yi wa Yaya aiki, ka tambayi likitan tun kafin a shiga wane ne zai karɓi naman, a cikin me za a sa shi, da ƙarfe nawa, kuma yaushe zai isa ɗakin awo. Ka roƙi a rubuta lokacin a jikin kwalbar, ka kuma bar lambar wayar da za a same ku, domin a iya sanin halin da take ciki bayan shekara ɗaya da bayan biyar, a shigar da shi rajistar masu ciwon daji.